Rigar Sanyi Ɗaya, Hannu Uku: Littafin Aikin Saƙarmu a Birnin Kebbi

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Yau muka tsayar da magana. Rigar sanyi da hula za a saƙa wa ɗan ƙanwata mai shekara biyu, kuma so muke a gama kafin hunturu ya kankama. Masu aikin su uku ne: ƙanwar tawa, amaryar ƙanenmu, da ɗiyar maƙwabciyarmu da ta gama sakandare tana zaune gida. Dukansu sun iya kwarashi, amma saƙar allura biyu yanzu suka fara, sun dai koyi ɗora ido, wato ƙullin zare, a kan allura da saƙa layin gaba da na baya. Ni nawa koyarwa ne da rubuta abin da ya gudana.

Da gangan na raba rigar gida uku. Ƙanwata za ta saƙa baya, amarya gaba, yarinyar maƙwabta hannuwa biyu. In mutum ɗaya ya saƙa riga gaba ɗaya, ko ta fito babba ko ƙarama, sassanta za su dace da juna, sai a ce ai yaro zai girma ya cike ta, a wuce wurin ba a koyi komai ba. Amma in gaba ya fi baya faɗi da taƙi guda, ba mai buƙatar a yi masa bayani.

Mun auna yaron da tef ɗin tela. Ƙirji santimita 53, kai 48. Rigar za ta zama 60 a zagaye don ya sa ta a kan wata riga, wato gaba 30, baya 30. Tsayi 33, hannu 25.

Talata, 7 ga Oktoba

Mun shiga babbar kasuwa sayen ulu. Na ce kowa ta ɗauki wanda ya yi mata, duka ukun suka nufi kala. Ba laifi, amma kala ita ce ta ƙarshe a abin dubawa.

Abin da ke kan teburan masu ulu kashi uku ne in ka lura. Akwai ƙananan dunƙule na siririn zare, wanda mata suka fi saye don safa da hular jarirai, yawancinsa ba a rubuta komai a jikinsa ba sai suna da lambar kala. Akwai ulun kitso, wanda don gashi aka yi shi, ba shi da murɗi mai ƙarfi, allura tana tsaga shi, bai dace da sabon hannu ba. Sai manyan dunƙule masu giram 100 da takarda a ɗaure a tsakiyarsu. Wannan takardar na tsaya na karanta musu a gaban mai shago.

Ƙungiyar masu sana'ar zare ta Amurka, Craft Yarn Council, ta kasa kaurin ulu gida takwas, daga lamba 0 zuwa 7, kuma kamfanoni da yawa suna buga lambar a cikin ɗan hoton dunƙule. Sifili shi ne siriri kamar zaren ɗinki mai ɗan kauri, bakwai kuwa ya kusa igiya. Mu nan tsakiyar ce ta shafe mu. Lamba 1 zaren safa ne, yana ba da ido 27 zuwa 32 a santimita 10 da allura mai milimita 2.25 zuwa 3.25. Lamba 3, wanda Turawan Ingila ke rubuta wa DK, ido 21 zuwa 24, allura 3.75 zuwa 4.5. Lamba 4 ido 16 zuwa 20, allura 4.5 zuwa 5.5. Lamba 5 mai kauri ne sosai, ido 12 zuwa 15, a ganina ya yi wa sanyinmu yawa in dai ba bargo za a yi ba, don sanyin Kebbi na asuba ne da dare, rana na ɗagawa yaro zai fara neman a cire masa.

Mun ɗauki lamba 3, shuɗi mai duhu don ƙurar hunturu. Takardar ta ce giram 100, mita 280, allura milimita 4, ido 22 da layi 30 a murabba'in santimita 10. Dunƙule uku muka saya lokaci guda, na sa amarya ta duba lambar rini a jikin kowanne ta ga iri ɗaya ce. Kala ɗaya daga tukunyar rini daban takan bambanta kaɗan, a shago ba a gani, sai an haɗa riga an fita rana.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Yarinyar maƙwabta ta kawo tambayar da nake jira. "Anti, to wanda ba takarda fa, ya za a san lambarsa?" Ta zo da ragowar ulun mahaifiyarta cikin leda, kala-kala, ba wanda ke da shaida.

Sai muka ɗauko fensir da rula. Ana naɗa zaren a jikin fensir, kowane zagaye yana taɓa ɗan'uwansa, ba a ja ba a cusa, har ya rufe inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, sannan a ƙirga. Zagaye 11 zuwa 15 lamba 3 ke nan. Tara zuwa 12 lamba 4. Shida zuwa tara lamba 5. In ya kai 14 ya yi sama, an shiga sirara. Lambobin suna hawa kan juna, don haka wannan ba hukunci ba ne, hanya ce ta sanin allurar da za a fara gwadawa. Namu na kasuwa ya ba da 12. Siririn na leda ya ba da 18, da muka ruɓanya shi biyu ya dawo kusa da namu. Abin da iyayenmu ke yi ke nan tun da can, su haɗa zare biyu in suna son kauri.

Na kuma hana su ƙirga silin da ke cikin zare don sanin kaurinsa. Za ka warware wani ka ga sili huɗu amma siriri ne, wani sili biyu ne rak kuma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Tsayin da giram 100 ya ƙunsa ya fi faɗin gaskiya: na safa yakan kai wajen mita 400, irin namu tsakanin 200 da 300, mai kauri bai cika wuce 150 ba. Sai dai a tuna auduga ta fi ulun roba nauyi, zare biyu masu kauri ɗaya na audugar zai fi gajarta a giram 100.

Daga nan muka koma kan allurai, inda rikicin ya fi yawa. Inna ta fito da nata tsofaffi na ƙarfe, an buga 8 a kansu. Amarya kuma an aiko mata da nata daga Kano, su ma 8, amma ido ma ya nuna sun fi na Inna kauri. Dalili shi ne lissafi biyu ne. A tsohon lissafin Ingila, lamba na hawa allura na sirancewa: 8 milimita 4 ce, 10 kuma 3.25. A na Amurka lamba na hawa allura na kauri: 8 ɗinsu milimita 5 ce, milimita 4 kuwa 6 suke kiranta. A lamba 7 suka haɗu, duka milimita 4.5. Na ce daga yau a gidan nan milimita kawai za a riƙa faɗa. Waɗanda lambarsu ta goge, mun ba kafinta ɗan falankin roba ya huda mana ramuka da bakin injinsa na milimita 3, 3.5, 4, 4.5 da 5, muka rubuta a gefen kowane rami. Ramin da allura ta shige daidai ba ta rawa, shi ne kaurinta.

Inna ta ce su da tsinken tsintsiya suka koya, daga baya suka samu wayar ƙafar keke aka feƙe musu. Wayar keke wajen milimita 2 take, shi ya sa safar da suke saƙawa take fitowa a matse, ta daɗe ba ta mutu ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ranar ƙyallen gwaji. Ba wadda ta so. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ulun da muka saya da tsada za mu ɓata a abin da ba a sawa?" Na ce ta yi haƙuri ta saƙa.

Kowa ta ɗora ido 34 a kan allura milimita 4, daga dunƙulenta. An fi 22 ne don gefen saƙa ba ya faɗin gaskiya, idanun bakin sukan karkace, saƙar kuma tana naɗewa. Layi huɗu na farko da ido uku na kowane gefe ana saƙa su gaba zalla don ƙyallen ya kwanta, tsakiya kuma layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har ya kai wajen santimita 15. Sai a sauke shi daga allura, a shimfiɗa a kan faranti ko tebur, ba a kan cinya ba, a ɗora rula mai tauri a tsakiya, a soka fil a sifili da kuma a goma, a ƙirga idanun da ke tsakani har da rabin ido in ya faɗo.

Zare ɗaya, allura ɗaya, tabarma ɗaya. Ƙanwata ta samu 24. Amarya 20. Yarinyar maƙwabta 22 cif.

Na ba su takarda su yi lissafin da kansu. Faɗin santimita 30 a kan ido 22 yana buƙatar ido 66. Ido 66 ɗin nan a hannun ƙanwata zai ba da santimita 27 da rabi, a hannun amarya 33. Santimita biyar da rabi tsakanin gaba da baya na riga ɗaya. Da ƙanwata ce ta saƙa duka, rigar 55 za ta fito, da kyar za ta zauna a kan ƙirji 53 balle a kan wata riga. Da amarya ce, 66, sai ɗan shekara huɗu ko biyar. Ido biyu kacal a santimita goma suka jawo wannan.

Abin da nake so ya zauna musu shi ne, ba wadda ta yi kuskure a cikinsu. Kamar gishirin miya ne, a ba mata uku kayan miya iri ɗaya, kowa da hannunta. Lambar da ke kan takarda hannun wani ne a can inda aka yi zaren. Ƙanwata tana naɗa zare sau biyu a ɗan yatsa tana ja bayan kowane ido, ga zafin Oktoba, hannu na gumi, zaren roba na kama ƙarfe har yana ƙara. Amarya kuwa hannun kwarashi ta kawo, tana jan kowane ido ya yi tsawo kafin ta sake shi. Ban ce kowa ta sauya riƙonta ba. Wanda aka tilasta wa sabon riƙo zai bi na layi goma, hira na daɗi hannu ya koma gidansa na jiya. Allura ake sauyawa.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ƙanwata ta hau milimita 4.5, amarya ta sauka 3.5, tunda 3.75 ba ta cikin abin da muke da shi. Ƙa'idar ita ce: ido ya yi yawa, ƙara kaurin allura, ido ya gaza, rage. Sabbin koyo sukan juya ta, don haka na sa suka rubuta a bangon littafi.

Sabbin ƙyallayen mun wanke su yadda za a riƙa wanke rigar, ruwan sanyi da sabulu, ba murɗawa, aka shanya a kwance a inuwa. Sai da suka bushe muka auna. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali riga sau ɗaya take zama sabuwa, sauran rayuwarta wankakkiya ce. Ulun roba ba ya sauyawa sosai, amma auduga takan saki ta yi tsawo, gashin tumaki na gaske kuma in ya sha ruwan zafi da cuɗa ya dunƙule ke nan, ba ya dawowa. Bayan wanki: ƙanwata 22, amarya 22 saura ƙiris, yarinya tana nan a 22. Mun karɓa.

Amarya ta yi tambaya mai kyau: me ya hana ta zauna a kan milimita 4 ta rage ido zuwa 60, tunda shi ma 30 zai ba da? Lissafinta daidai ne, kuma da ita kaɗai ke saƙa rigar da na bar ta. Amma na ɗaga ƙyallenta na farko da na yarinyar a hasken ƙofa, nata haske na ratsawa, iska ma haka za ta ratsa. Gaban riga sakwa-sakwa, baya a tsuke, ba za su rataya iri ɗaya a jikin yaro ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An ɗora riga. Gaba da baya ido 68 kowanne, 66 na faɗi da biyu da ɗinki zai cinye. Bakin ƙasa mai miƙewa, ido ɗaya gaba ɗaya baya, santimita huɗu, kowa da allurar da ta gaza tata ta jiki kauri, don bakin ya kama ƙugu.

Kafin nan mun kai ƙyalle ɗaya an ɗora mana a ƙaramin sikeli. Santimita 15 a kan 15, giram 9, wato giram 4 a kowane murabba'in santimita 10. Jikin rigar da hannuwa sun haura santimita murabba'i 3,000 kaɗan, kusan giram 125 ke nan. Hula wajen 30. Dunƙule uku sun isa har da ragowa, hankalin ƙanwata ya kwanta a kan ulun da ta ce an ɓata. Ƙyallayen ma ba mu warware su ba, na liƙa wa kowanne takarda mai sunan zare, kaurin allura da mai hannun, suna cikin gwangwani.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Awon tsakiyar aiki. Bayan rigar da ƙanwata ke saƙawa ya kai santimita 12, na ɗora rula, 21 da rabi. Hannunta ya fara sakewa, tsoro ya tafi, gari kuma ya fara sanyi da safe. Rabin ido a goma bai kai santimita ɗaya ba a faɗin bayan duka, ɗinki zai shanye shi. Mun bar ta ta ci gaba, da sharaɗin a sake aunawa a santimita 20. In ya sauka 21, za ta koma milimita 4.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Hazo ya sauka sosai tun shekaranjiya, leɓe ya fara tsagewa. Gaba da baya sun kusa kafaɗa, an ɗora ɗaya kan ɗaya, sun yi daidai har amarya ta yi guɗa.

Hannuwa ne suka fito da rabin awon da ba mu kula da shi ba tukuna, wato layi. A jikin riga ba ruwanmu da yawan layi, tef muke bi har 33. A hannu kuwa ana ƙara ido ne bisa ƙirgen layi. Wuyan hannu ido 38, sama 58, ƙarin 20 ke nan, ɗaya a kowane gefe sau goma, a cikin santimita 21 da suka rage bayan baki. Da layinta 30 ne kamar na takarda, layi 63 za ta yi, ƙari a kowane layi na shida. To yarinyar idonta ya dace da takarda amma layinta 27 ne. Layi 63 a hannunta ya haura santimita 23. Muka sake lissafi: santimita 21 layi 57 ne a wurinta, sai ta yi ƙari bakwai a kowane layi na shida, uku a kowane layi na huɗu, ta ƙarasa da layi uku ba ƙari.

Inna tana gefe tana jin mu ta ce, "Ku bar mashi tsawon, ɗiya ba su tsayawa wuri guda, a naɗe bakin bana, baɗi a warware." Gaskiyarta, kuma a hannun rigar yaro na yarda da ita, tsawo ya fi faɗi sauƙin gyara. Duk da haka na sa yarinyar ta yi lissafin, don ranar da za ta saƙa wa babba, ko ta karɓi aikin kuɗi, mai kaya ba zai naɗe hannu ba. Ta saƙa na farko yadda muka lissafa, muka ƙara santimita ɗaya a sama saboda maganar Inna, na biyu zai bi shi layi da layi.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Maƙwabciyarmu ta shigo da tsohuwar suwaita ta gwanjo da ta warware, tana so ɗiyarta ta saƙa wa ƙanenta hula. Zaren duk ya nannaɗe da lanƙwasar tsohuwar saƙa. In aka saƙa shi haka awon ƙarya zai bayar, sai an wanke hular ta buɗe. Mun naɗe shi a bayan kujera, muka ɗaure wuri huɗu, aka jiƙa aka rataye ya miƙe. Yarinyar da kanta ta ɗauko fensir, zagaye 10, ta ce lamba 4, za ta fara gwaji da milimita 5. Ban sa baki ba.

Mun kuma ƙona ɗan guntu don sanin irinsa, a tsakar gida da kofin ruwa a kusa. Ya yi ƙaurin gashi, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murmushe a yatsa: gashin tumaki ne na gaske, kaya mai kyau. Auduga ƙaurin takarda take yi ta bar toka mai laushi. Namu shuɗin da muka gwada narkewa ya yi, ya dunƙule baƙi ƙirin ya yi tauri.

A nan na tsaya na yi wa ƙanwata magana da babbar murya, kuma ina so duk uwar da ta karanta wannan ta ji. Yawancin ulun da ke kasuwanninmu na roba ne, yana kama wuta, yana narkewa ya manne a fata. Lokacin da ake sa wa yara rigar ulu shi ne lokacin da ake kunna garwashi a kasko a tsakar ɗaki, yara suna kewaye murhu da asuba. Yaro mai shekara biyu sanye da wannan riga kada a bar shi kusa da wuta ko na ɗan lokaci. Dutsen guga mai zafi ma kada ya taɓa ta, zai kashe miƙewar zaren, awon da aka sha wahala a kansa ya tafi.

Asabar, 6 ga Disamba

An ɗinke kafaɗa ɗaya da gefuna, hannu na farko ya shiga mazauninsa ba tattara ba ja. Zagayen ƙirji a tef 60 da rabi. Ɗaya kafaɗar mun bar ta a buɗe za a sa maɓalli uku, saboda kan yaro 48 ne, wuyan da zai wuce wannan kai ba tare da kuka ba zai yi masa faɗi ya bar iska tana shiga. Amarya ce za ta saƙa bakin wuyan, na ce ta rufe idanun da allura mai kauri don kada layin ƙarshe ya ɗaure.

Ƙanwata ce za ta yi hular, a kan allurar zagaye mai igiya. Hula ana saƙa ta ƙasa da kai don ta kama, 44 muke nema, ido 96 in awon ya tsaya a 22, kuma 96 yana rabuwa gida takwas daidai wurin rage ido a tsakar kai. Sai dai a saƙar zagaye ba layin baya, gaba ake yi kullum, kuma mutane da yawa layinsu na baya ya fi na gaba sakewa, don haka awonta na riga ba lallai ya biyo ta nan ba. Allurar ma ta gora ce, ba ta santsi kamar ƙarfe. Ta ɗora ido, za ta saƙa santimita takwas mu auna a jikin hular kanta kafin ta wuce. Hannu na biyu yana kan ƙari na shida, yarinyar ta ce zuwa Laraba in sha Allahu za ta kawo shi.